Ranar da na kai Basarke kallon wadi

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na taɓa ɗaukar ɗan masunta na kai shi kallon kogi a ƙasar da ba ta da kogi. Ku da kuka yi boko mai zurfi, ku yi dariyarku tun yanzu ku gama, don gaba babu abin dariya sosai.

A lokacin ina aiki a wani shagon nama a unguwar Gubaira, nan cikin Riyad. Fawa gadona ce. Abokina kuwa mutumin Yawuri ne, Basarke, ubansa da kakansa duk a cikin kwalekwale suka tsufa, shi kuma rabo ya kawo shi gadin wani siton kayan gini. Kun san tsakanin mahauci da masunci akwai wasa tun kaka da kakanni. Ni ina kiransa Mai ƙarni, shi yana kirana Barunje, wato mahauci a bakin mutanensu. Ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya, kuma ba mu taɓa wuni ba mu ci mutuncin sana'ar juna ba.

Ciwon suga ne ya kama masa ido. Da farko shayi yake zubawa a gefen kofi, ina ce masa hannun da ya saba da santsin tarwaɗa ai ba zai riƙe buta ba. Da abin ya yi yawa ya je asibiti. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: abin da ya tafi ya tafi, ragowar ma a kan hanya take. Ya dawo ya zauna a bakin katifa.

Can ya ce, "Barunje, ruwa nake so in gani."

Na ce, "Ga famfo can."

Ya ce, "Ruwa na ce, ba fitsarin ƙarfe ba. Kogi. In gan shi da idon nan kafin a kashe fitilar."

Ya je wurin kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, wanda sai da sa hannunsa mutum zai bar ƙasar. Kafili bai ce a'a ba. Cewa ya yi bayan azumi. Azumi kuwa da sauran nisa, shi kuma ido ba ya duba watan sama.

Ana nan sai na ji wasu Larabawa a shagonmu suna sayen naman gashi, suna ta cewa za su wadi, za su wadi. Akwai wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke zuwa daga unguwar Malaz sayen hanta. Na tare shi na ce, "Malam, mene ne wadi?" Ya ce, "Alhaji, inda ruwa ke bi tsakanin duwatsu, sai dai..." Na ɗaga masa hannu. Ni ma fa ba jahili ba ne. Na yi allo gwargwado, na kuma leƙa firamare har aka zo kan dogon rabawa, muka rabu da ita lafiya. Inda ruwa ke bi, ai kogi ke nan, ba sai an je jami'a ba. Na ƙara masa tsoka a kan hantar, na sallame shi da "sai dai" ɗinsa a baki.

Muna da maƙwabci, wani magidanci ɗan Maradi, mai tuƙa wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Yakan je wani kamfani a bayan gari ya ɗebo dusa ya kai wa masu kiwon tumaki. Da na tambaye shi, ya ce wadin ai kusa da kamfanin yake, in muna so ya fara kai mu can, da yamma mu biya ya yi lodi.

Ya ce, "Amma Alhaji, me za ku gani a can?"

Na ce, "Kogi."

Ya dube ni, ya dubi abokina da ya riga ya fara laluben takalmi tun ana sauran kwanaki. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Daga baya ya ce mini shi ya ɗauka irin wasan nan namu ne.

Ranar tafiya, lokacin sanyi ne, abokina ya sa kaftaninsa na Juma'a. Ya rangaɗa kwalli, wai don ido ya washe. Sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga ƙasan jakarsa, ashe ƙugiya ce da zare, tun daga gida ya zo da su, duk zamanmu ban taɓa gani ba. Ya ce in yanko masa 'yan tsokoki na koto. Ya ce, "Naman mahauta ne, amma kifin nan baƙo ne, bai san ku ba, zai ci."

Muka bar kwalta, muka bi burji, har motar ta ce iyakarta ke nan. Daga nan sai ƙafa. Hanyar hawa ce, duwatsu masu zamewa. Turawa da wasu 'yan Asiya suna wuce mu da manyan takalma da sanduna bibbiyu kamar masu zuwa yaƙi, mu kuwa kaftani da silifa. Abokina ya dafa kafaɗata, wai don kada in faɗi, tunda mu mahauta ba mu san tsayuwa a kan abu mai motsi ba. Na bar shi a haka. Duk inda dutse ya tsaya a hanya sai in yi tari in rage sauri, shi kuma ya ɗaga ƙafa. Tun muna hawa yake shaƙar iska da ƙarfi, ina jinsa a bayan kunnena. Na ɗauka gajiya ce.

Rana ta ɗaga muka isa wurin leƙawa na farko. Jama'a, ƙasa ce ta tsage. Bango na jan dutse nan, wani can, tsakaninsu zurfin da ya fi gaban rijiya. Can ƙasa ga hanyar kogi ta yi lanƙwasa, ta sake lanƙwasa, ta ɓace a bayan dutse. Komai na kogi akwai: gaɓa, kwana, har da tsibiri. Ruwa ne kawai babu. Farin yashi da tsakuwa, da 'yan itatuwan ƙaya tsilli-tsilli. A nan "sai dai" ɗin ɗalibi ya iso ni.

Abokina ya saki kafaɗata. Ya kare goshi da hannu, ya ƙanƙance ido har kwallin ya taru a gefe.

Ya ce, "Wancan farin da ke ƙyalli, shi ne?"

Direba ya buɗe baki, na take masa ƙafa. Na ce, "Shi ne."

"Ya cika?"

"Bai cika ba. Ka san rani ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Siriri ne."

Na ce, "Kogin Larabawa ne, ba ya cin tuwo."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce mu matsa gaba, wataƙila akwai inda ya fi faɗi, ko inda za a sauka. Muka bi bakin ramin, ni a gefen zurfi, shi a gefen tudu, direba a baya yana ta istigfari ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko don kansa ko don ni. A wurin leƙawa na biyu, iska ta fi ƙarfi. Abokina ya durƙusa, ya lalubo dutse kamar dunƙulen hannu, ya auna nauyinsa, ya wurga. Muka kasa kunne. Can muka ji ƙwas. Sai ƙwas, ƙwas, ƙarami-ƙarami, sai shiru.

Na ce, "Bai kai ba. Hannunka ya mutu, tsoho."

Ya ce, "Haka ne, bai kai ba."

Ya zauna a kan wani falalen dutse, fuskarsa na kallon ramin. Ya daɗe. Ni kuma na tsaya ina zuba bayani kamar mai gidan rediyo, ga inda ya karya kwana, ga inda ya rabu biyu, yana cewa "uhm". Da za mu tashi ya kwance ledar naman koto, ya zazzage a kan dutsen, ya ce hankaki ma bayin Allah ne. Saukowa ta fi hawa wuya, kuma ba wanda ya tsokani wani.

Kamfanin da direba zai yi lodi, na abin shan nan ne na sha'ir da ake sayarwa a kowane kanti a ƙasar, wanda Larabawa ke kira bira, sunan da suke kiran giya da shi. Ba ya sa maye, yara ma suna sha. Amma abokina tun zuwansa bai taɓa kai shi baki ba. Yakan ce abin da sunansa bira, ko liman ne ya dafa shi, shi dai a kai kasuwa.

Ba a bar mu mun shiga ciki ba, ta baya aka nuna mana. Manyan tankunan ƙarfe, bututu ko'ina, ga ƙarar kwalabe kamar ana biki a gidan aljanu. Dusar sha'ir da aka gama dafawa an tara ta tsibi guda, jiƙe, tana tururi. Kusa da ita akwai kwata ta siminti, ruwan wanke tankuna na gudu a ciki, ruwan ƙasa-ƙasa mai kumfa.

Muna sauka daga mota abokina ya tsaya cak. Ya shaƙi iska. Ya sake shaƙa. Sannan ya tafi shi kaɗai, ba dafa kowa, ya bi ƙarar ruwan har bakin kwatar. Ya tattare kaftanin Juma'a, ya cire silifa, ya zauna, ya zura ƙafafu. Mai gadi ya taso yana ihu, "Mamnu! Mamnu!" wai an hana. Direba ya tare shi, ya nuna idonsa, ya nuna abokina. Mutumin ya koma inuwa.

Na zauna kusa da shi. Ya ce, "Ka ji warin nan? A tsibiran wajenmu akwai mutanen da ba sa salla. Haka suke jiƙa dawa a bakin ruwa in za su yi burkutu. Babana ya hana mu tsayawa, sai mu wuce da kwalekwale muna toshe hanci. Yau ga ni ina shaƙarsa kamar turare."

Sai ya juyo wajena.

Ya ce, "Barunje, tun muna rabin hawa na san babu ruwa. Ba danshi a iska, ba kukan tsuntsun ruwa, ko sauro ɗaya. Na ga dai ka wahala, ka yanko nama, ka nemo mota. Na ce bari in bar mahauci ya ci kasuwarsa."

Na ce, "To dutsen fa?"

Ya ce, "Na ce ko Allah zai ƙaryata ni."

Direba ya dawo da kwalabe masu sanyi, ma'aikata suka ba shi kyauta. Na tabbata abokina zai ture. Sai ya karɓa, ya ɗora a kan idonsa na dama, ya mayar na hagu. Sannan ya yi bismilla ya kurɓa. Ya yamutse fuska.

Ya ce, "Wannan ɗacin ne mutane ke sayar da gona a kansa?"

Na ce, "Ba shi ba ne. Wannan an zare masa shaiɗanin."

Ya ce, "Kamar kogin naka, an zare masa ruwan. Ƙasar nan komai sai an zare masa wani abu. Dubi ni."

Ya shanye tas. A hanyar dawowa mun zauna a gaba mu uku a matse, warin dusa na biyo mu ta taga, ya yi barci a kafaɗata, kwallin ya ɓata mini riga.

Bayan nan wani ya ba mu labarin wani wuri kudu da gari inda ruwa ke gudu da gaske, wanda aka tace daga magudanan birni. Na ce mu je. Ya ce ba zai ƙarar da ragowar idonsa a kan ruwan wankan Larabawa ba, zai jira nasa. Ya jira. Kafili ya cika alkawari, bayan azumi ya sa hannu, bai ƙara ko kwana ba. Sai dai ranar da muka raka shi filin jirgi, ni na riƙe masa hannu har inda aka tsayar da ni, kuma da na ce ga ƙofar can, bai san inda zai juya ba.

Yau ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ni ina nan, na bar yanka, sai zaman benci da sa baki a abin da ba a tambaye ni ba. In kuna son darasi, ga shi kyauta: in mai ilimi ya ce "sai dai", ku bari ya ƙarasa. Wannan na faɗa don ku. Nawa kuwa ba darasi ba ne, wani nauyi ne da yakan zauna mini a ƙirji in na tuna. Kwanakin ganinsa ƙididdigaggu ne, na ɗauki guda sukutum na kashe masa a kan kallon tsakuwa. Har yanzu ban san wanda ya yi wa wani alheri a saman dutsen nan ba, ni da na yi ƙarya, ko shi da ya karɓa.

Magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi, a waya ce, ba a daɗe da komawarsa ba. 'Yarsa ce ta kira ta miƙa masa. Ya ce sun kai shi bakin ruwa, sun sa shi a kwalekwale, an zaga da shi har tsibiri. Ni kuma da wautata, bakina ya riga hankalina, na ce, "To, Mai ƙarni, ka gan shi?"

 Ya ce, "A'a, Barunje. Amma shi ya gan ni."