Gibin da Ke Katangar Gabas

Sana'ata sayar da tsofaffin kayan gini a kasuwar Dembe da ke Njamena. Idan an rushe gida a Njamena nakan je in sayi ƙofofi, tagogi da kwano, in gyara, in sayar. Da wannan na tsaya da ƙafata, har Allah ya nufe ni da zuwa Makka.

Mahaifiyata 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a bakin tafkin Chadi. Samarin garin duk sun watse zuwa birni, sai tsofaffi, kowa a bukkarsa, nesa da ɗan'uwansa. Wata damina aka tarar da wata tsohuwa ta faɗi a ɗakinta ta kwana biyu ba wanda ya sani. Da labarin ya iso ni, kawuna na tuna, wan mahaifiyata. Bukkarsa ce ta fi kusa da ruwa, ga ciwon ƙirji, ga shi shi kaɗai.

Na je na tara tsofaffin a inuwa. Na ce gida ɗaya zan gina musu, kowa da ɗakinsa, ƙofofin suna duban tsakar gida, yadda in mutum ya yi tari na kusa zai ji. A kan yashi na zana musu da tsinke, su kuma suna gyara mini. Wani tsohon masunci da idonsa ya tafi ya ce a sa masa taga ta wajen tafki, yana son jin kwalekwale in sun dawo. Wata gwaggo mai kaifin baki, ƙawar mahaifiyata, ta ce kada a yi dakali a bakin ƙofa, gwiwarta ba ta hawa.

"Kuma ka nisanta ni da wancan," ta nuna masuncin. "Minsharinsa har kifi yake kora."

"Ke da ba ki ji da kunne ɗaya?" in ji shi. "Ki kwanta a kan mai jin."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya sa sandarsa ya share ɗakin da na zana masa.

"Alhaji, da me za ka gina?"

"Bulo da siminti, Kawu."

"To banda ni."

Na san dalili, amma ban zaci har yanzu yana riƙe da shi ba. Kakanmu, mahaifin Kawu, da ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai tafi aikin hajji. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna ya ce bayan damina za su wuce. Daminar ta zama shekaru. Har ya rasu bai yarda an yi masa ɗakin ƙasa ba, sai zana da ciyawa, abin da mutum zai tashi ya bari. In an tambaye shi ina ne garinsu, sai ya ce suna kan hanya. Kawu a haka ya tashi. Lokacin da na samu halin biya masa jirgi, ƙirjinsa ya riga ya hana shi ko zuwa Njamena.

"Kai ka je ka dawo," ya ce mini. "Ni ban isa ba tukuna. In na shiga siminti na ce wa mahaifina tafiyar ta ƙare."

Ni ɗan kasuwa ne. Na san mai taya kaya, na kuma san wanda ba zai saya ba ko kyauta aka ba shi. Ban ja da shi ba. Tambaya na yi: wane irin ɗaki ne zai kwana a ciki? Ya ce ɗakin zana da ciyawa, ƙofarsa ta dubi gabas, kuma kada katanga ta tare gabanta.

Haka aka yi. Magini ya zagaye gidan da bulo, ya bar gibi a gabas daidai faɗin mutum da kayansa. Muka kafa wa Kawu bukka a cikin gidan, jikin ɗakin masuncin. Ya tare da tabarmarsa da buta da wata tsohuwar jakar fata ta kakanmu, ya rataye ta kusa da ƙofa.

Gibin ya jawo rigima. Awaki suka riƙa shigowa suna cinye kuɓewar da gwaggo ta shanya. Duk zuwana sai ta tare ni.

"Ɗan nan, gida ka gina mana ko garke? Ka toshe ramin nan, kalas, magana ta ƙare!"

Kawu yana zaune yana jin ta, sai ya ce, "Ki yi haƙuri, mun kusa wucewa."

Bai cika shekara a gidan ba. Wata rana bayan la'asar masuncin ya ji tarin da ya saba ji ta zanar ya sauya. Ya lalubo bango ya fito yana kira. Duk suka taru. Gwaggo ce ta tallafi kansa, masuncin yana maimaita masa kalmar shahada har ya cika. Abin da na gina gidan dominsa ke nan, na samu, amma ni ina kan bencin shago a Njamena aka kira ni a waya aka gaya mini.

Bayan sadakar bakwai magini ya tambaye ni ko ya kawo bulo ya rufe wurin. Na juya wajen gwaggo, tunda ita ce mai ƙorafi. Ba ta dube ni ba. Ta shiga bukkar Kawu ta kwance zana guda, ta jawo ta da ƙyar, ta jingina a bakin gibin.

"Wannan ta isa awaki," ta ce. "Kada ka sa abin da ba ya ɗaguwa."

Har yau zanar ce a wurin. In ta ruɓe nakan aika da sabuwa.