Ranar da aka goge jarumina

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Kano ya zama ɗan siyasa. Mu kuwa 'yan bencin shagon hayar kaset a Gyaɗi-Gyaɗi zaɓe ɗaya ne ya dame mu: waye sarkin jarumai a tsofaffin finafinan Indiya.

Ni ɗan takarata wani dogo ne mai faɗa. In ya kai naushi a talabijin, wallahi sai kwanon rufin shagon ya amsa. Telan da ke maƙwabtaka da shagon shi kuma nasa wani gajere ne mai ido kamar na tunkiyar da aka kai kasuwa, fim guda zai ƙare bai mari ko sauro ba. Akwai na uku, mai rawa, amma wannan mun daɗe da ajiye shi a na uku. Direban bas ɗin Hotoro kaɗai ke tare masa faɗa, shi ma sai ya ci ya ƙoshi.

Wata Juma'a bayan an sauko, mai shagon ya fito da kaset biyu a hannu, na dogona da na gajeren tela. Bikin ƙanwarsa yake son kwafa ya aika wa yayansu Legas, mai tafiyar zai tashi bayan la'asar, sababbin kaset sun ƙare, kuma waɗannan biyun ne kawai tsawonsu zai ɗauke bikin. Dole a goge ɗaya. Irin tsofaffin nan ne da ko ƙasa ka tona ba ka samun wani.

Na ce, “Maigida, wannan har sai an yi shawara? Goge mai kukan nan, unguwa ta huta.”

Tela ya cire allura daga bakinsa ya ce, “Malam, naka fa ba wasa ya iya ba, tsawo ya iya. Ko falwaya ka sa wa riga za ta yi abin da yake yi.”

“Falwayar da ta daki mutum arba'in a kan jirgin ƙasa?”

“Jiya ashirin ka ce.”

“An ƙaro wasu da safe.”

Mai shago ya ce shi ba alƙali ba ne, bari ya ga lafiyar kaset ɗin tukuna. Ya fara sa na tela, yana tura shi gaba da sauri. Hoto ya tafi daidai har wajen da jarumin ya dawo daga jana'izar mahaifiyarsa, ya tarar da abincin da ta rufe masa da safe. Ya zauna, ya buɗe, ya kai loma ɗaya, ya kasa haɗiyewa. Daidai nan hoton ya fara rawa, layi-layi kamar ana yayyafi.

Na yi tsalle na ce, “Kun gani? Har kaset ɗin ya gaji da shi!”

Mai shago ya ce ba gajiya ba ce. Duk gidan da aka kai shi, daga nan har Babban Giji, sai matan gidan sun yi ta mayar da wajen nan baya suna sake kallo, shi ya sa ya cinye.

Aka sa nawa, shi ma aka tura shi da sauri. Garau, tun daga farko har ƙarshe, ko ɗigo babu. Na miƙe ina zagaya benci ina cewa, “Ku kalli ƙarfe! Kamar yau aka ɓare shi daga leda!”

Mai shago ya gyaɗa kai ya ce, “Gaskiyarka. Shi zai ɗauki biki da kyau.”

Kafin na rufe baki ya liƙe ramin da ke hana goge kaset ɗin da salatif ya danna jan maɓallin ɗauka. Ina tsaye ina kallo, inda dogona ke dirowa daga jirgi sai ga gwaggon amarya tana gyara ɗaurin kallabi.

Tela bai yi mini dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Matsawa kawai ya yi ya ba ni wuri. Da aka gama kwafar aka mayar da gajeren nasa, muka kalla tare. Da aka zo wajen abincin, ni da bakina na ce, “Maigida, ɗan mayar da shi baya, wani abu ya faɗa mini a ido.”