Kujerar Mutum Ɗaya

Inuwa Mai Kushin ya shekara ashirin da biyar a Kwanar Dangora yana ɗinkin kujerun mota yana ɗaura su, kuma kowa ya san halinsa: bai yarda da kowa ba. Ba haka yake da can ba. Wani mai fara'a ne ya taɓa kawo masa kujeru ya ɗaura, ashe daga motar sata aka ciro su. Kwanansa tara a hannun 'yan sanda, aka ce in ya kuma sai kotu. Tun daga nan ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa gindin kofin.

Wata Talata sai ga Mu'azu, direban haya mai zuwa Doguwa, da kujera a but. Irin ta motar tsere ce, ja, mai zurfi kamar kwando, gefe da gefe sun taso yadda za su riƙe haƙarƙarin mutum. Ya ce a cire ta fasinjan gaba a sa wannan.

Inuwa ya kalle shi sama da ƙasa. Wane direban haya ne, yana loda mutum biyu a gaba, zai sa kujerar da ba ta ɗaukar sai ɗaya? Ga shi ta dajin Falgore yake bi, inda ba kowane kaya ake nuna wa rana ba. Da ya tambayi dalili, Mu'azu ya sunkuyar da kai ya ce sha'awa ce kawai. Sha'awa, wai! Mutumin da madubin motarsa da roba aka ɗaure.

Inuwa ya ce masa ya ajiye ta ya dawo da la'asar. Motar na barin wurin ya zari reza ya farke kujerar daga kafaɗa har ƙasa, ya cusa hannu yana laluben ƙwaya ko harsashi. Babu komai sai soso.

Da la'asar Mu'azu ya dawo da wata tsohuwa a baya, an tokare ta da matasai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baba Inuwa, mahaifiyata ce, Iya Luba. Ɓarin jikinta ya shanye. In zan kai ta asibiti muka shiga gargada, sai ta zame ta kife. Ba ta son a sani, shi ya sa na yi shiru. Na kawo ta ne a gwada mata zaman."

Kunya ta rufe Inuwa. Ya matsa zai kare kujerar da jikinsa, amma tsohuwar ta riga ta hango soson a waje. Da ƙyar maganar ta fito, ta tambayi ɗanta ko yagaggiya aka sayar masa, shi da ba ya duba kaya.

"A'a, Iya," in ji Inuwa. "Lafiya lau ya kawo ta. Ni na farke."

Ya ɗauko allura, sau uku yana zura zare, bai shiga ba.