Kakan Cikin Kaset

Duk ɗan Najeriyar da ya taɓa cin abincin Sallah a gidan Malam Salmanu da ke unguwar Malaz a Riyad ya san akwai sharaɗi. Tuwon shinkafa na nan, kabsa, dafa-dukan Larabawa, na nan, naman rago har sai ka ce ya isa, amma kafin matarsa Hajiya Yagana ta buɗe kula ko ɗaya sai an gaida Kaka. Kaka kuwa a cikin kaset yake zaune.

Salmanu mutumin Funtuwa ne. Ya fi shekara ashirin a Riyad yana aiki a ɗakin hoton ƙashi na wani asibiti, yana ce wa Larabawa su ja numfashi su riƙe. Aikin ya sa masa ji da idonsa fiye da kima. Ka miƙa masa baƙin hoton da kai ba ka ganin komai a ciki sai hayaƙi, ya ɗaga shi sama, ya nuna maka inda ƙashi ya tsage, sannan ya dube ka da tausayi. Ko kankana za a saya a baƙala, wato kantin ƙasan beninsu, ba ya ƙwanƙwasawa kamar sauran bayin Allah. Kallonta kawai yake yi ya ce a ɗauko waccan.

Mahaifinsa, Malam Hussaini tela, ya rasu Salmanu na firamare, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin ya daɗe yana cin yaron a rai. Sai da ya zama ɗalibi a Zariya, wata rana ana cunkushe a ɗakin wani abokinsa ana kallon wani tsohon fim, labarin wani direban babbar mota da mai tuwon tasha, sai ga kasuwar garinsu a talabijin. Ya tuna shekarar da masu fim suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku. Motar direban ta bi ta layin teloli, ga bishiyar durumi, ga shagon da ya tashi a ciki, ga kuma mutum tsaye ƙyam a bakin ƙofa da farar riga da hula, har ya ɗan ɗaga hannu. Salmanu ya miƙe ya kurma ihu, "Babana! Wallahi babana ne!" Sai da aka zaunar da shi da ƙarfi, don ya tare wa mutane.

Ya nemo kwafin kaset ɗin a Kano, kwafin kwafi ne, hoton na rawa kamar mai jin sanyi. Ya kai wa Innarsa. Inna na fama da yanar ido, kuma ko mijin na raye ba ta saba ɗaga kai ta dube shi a gaban mutane ba. Ta ɗan saci kallon akwatin ta ce, "In ka ce shi ne, to shi ne." Salmanu ya riƙe wannan a matsayin shaida, kuma har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya sake tambayarta.

Da aiki ya kawo shi Riyad, kaset ɗin na cikin jakar hannunsa, naɗe a sabuwar shadda. A lokacin ba a shiga da kaset sai 'yan kwastan sun duba abin da ke ciki. Ya tsaya a kan jami'in yana jira har aka iso layin teloli, ya dangwala yatsa a gilashi ya ce, "Abuya," wato babana. Balaraben ya ƙura ido, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya miƙo masa kayansa. Shaida ta zama biyu ke nan, ɗaya ma ta hukuma.

A nan aka haifi 'ya'yansa, Hanifa da ƙaninta. Namijin sunan Malam Hussaini ya ci, don haka ake kiransa Rayyan, tunda bakin Salmanu ba zai iya furta sunan ba. Yaran sun tashi Larabci ya fi kama bakinsu, Funtuwa kuma sun fi saninta a labari. Wannan ne ya sa Salmanu ya kafa dokarsa. Kowace Sallah, in an dawo daga idi, sai a sa kaset, a tura gaba har layin teloli, ya danna rimot ya tsayar da hoton. Yara su durƙusa su ce, "Ina wuni, Kaka," ko da hantsi ne. Baƙi su yi addu'a. Shi kuma ya ɗauko biro ya hau bayani: ga tsayin, ga faɗin kafaɗa, ga hancin da Rayyan ya ɗauko sak. Baƙin ba sa ganin komai sai wani farin abu dogo, amma wa zai ja da mai karanta hoton ƙashi, ga kuma ƙamshin nama na tasowa daga kicin? Kowa sai ya ce lalle akwai kama.

Kaset dai ba a yi shi don a yi ta tsayar da shi wuri ɗaya ba. Shekara na bin shekara, daidai gurbin Kaka zaren ya riƙa sirancewa. Fari ya fara cin hular, layuka suka fara ratsa ƙirjin. Na'urorin bidiyo ma suka ƙare a duniya. Salmanu ya zama ɗan gida a kasuwar gwanjo ta Haraj, yana bin 'yan Fakistan masu tsofaffin kaya yana kiransu sadik, wato aboki, har suna hango shi su fara kaɗa kai tun daga nesa. Yagana kan ce Kaka tsufa yake yi kamar kowa, a bar shi ya huta. Mijin ba ya dariya. Tsoro yake ji na gaske, tsoron ranar da zai danna rimot ya ga fari fes, ya rasa mahaifinsa karo na biyu.

Hanifa ce ta kawo mafita, ita da wayarta. Ta ga sanarwar cewa kamfanin da ya daɗe yana rarraba tsofaffin finafinai a kaset ya gano ainihin naɗin fim ɗin a wani sito, an wanke shi, an fitar da shi a sabon faifai da ake kira Bulure, mai hoto tangaran.

"Abba, har gashin girarsa za ka gani, wallah," in ji ta.

Alhaji Luƙman na ofishin jakadanci, wanda ya je hutu gida, shi ya taho da faifan ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah. Salmanu ya sayi na'urarsa, ya kuma sayi talabijin ɗin da ya ƙi shiga lif, sai da aka haura da shi ta matakala. Hanifa ta ce a gwada kafin ranar, a ga ko yana yi. Uban ya ɓata rai.

"Ba a yi wa babba leƙe. Ran Sallah za mu gan shi gaba ɗaya, da mutuncinsa."

Ya gayyaci kowa. Likitoci biyu daga unguwar Badi'a da iyalansu, injiniyan da ke hawa na sama, Alhaji Luƙman da direbansa, har falon ya cika wasu suka tsaya a bakin ƙofa. Salmanu ya sha babbar riga, ya ce wa Rayyan ya zauna kusa da talabijin don mutane su haɗa kamar da kansu. Ya ba Hanifa rimot.

Gaskiya kamfanin ya yi aiki. Kasuwar ta fito kamar ka miƙa hannu ka ɗauki tumatir. Ana ganin ƙudan da ke kan tiren mai nama, ana ganin zufar direba. Mata suka fara salati suna nuna irin atamfar iyayensu. Mota ta karya kwana, durumi ya bayyana da ganyensa ɗaya-ɗaya, Salmanu ya ce, "Nan!" Hanifa ta tsayar.

Farar riga ce, an zura mata sanda ta kafaɗu an rataye a ƙusa a bakin shago, don masu wucewa su ga ɗinki. A samanta an kafa gungumen icen nan da ake ɗora hula bayan wanki, da hular a kansa. Hannun da Kaka ya yi shekara da shekaru yana ɗaga wa jikokinsa, iska ce ta ɗaga hannun riga. Hancin kuwa wani ƙulli ne a jikin icen.

Rayyan, wanda ya riga ya durƙusa, ya dubi gungumen, ya shafa hancinsa, ya ce a hankali, "Abba... hada sob. Riga ce."

Alhaji Luƙman mutumin kirki ne, kuma aikinsa ne gyara magana. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ka san mutanen nan da kwamfuta. Wajen wanke-wanken nan sai su goge mutum ɗungurungum. Ni na ga ma kamar an taɓa wurin." Ɗaya daga likitocin ya ce ƙwarai ana yin haka. Salmanu ya so ya kama wannan igiyar, har ya buɗe baki. Amma ga ƙusar nan da tsatsarta, ga zaren da ya saura a wuyan rigar ba a yanke ba. Idon da ya yi ta taƙama da shi bai ba shi hanyar gudu ba. Ya ce, "A'a, Alhaji. Riga ce." Sannan ya juya ya ce, "Yagana, a kawo wa mutane abinci."

Ba a taɓa cin abincin Sallah da sauri irin na ranar ba. Kowa ya tuna yana da gidan da zai leƙa. Direban Alhaji Luƙman ya riƙe dariyarsa har matakala, amma benin Malaz tsoho ne, ana jin komai.

La'asar ta yi, gida ya rage su huɗu. Salmanu na zaune bai ko tuɓe babbar rigar ba, hoton na nan tsaye a bango. Yagana ta zo kwashe kwanuka ta ce, "Abban Hanifa, shekara nawa ina durƙusa wa gungume da sabon lalle a ƙafata?" Ta yi zaton zai yi dariya su wuce wurin. Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye kwanukan ta zauna.

Kunyar baƙi ba ta dame shi sosai ba, wannan zuwa Sallah mai zuwa ta zama labarin ban dariya. Abin da ya kama shi ya fi haka nauyi. Ya rufe ido ya nemi fuskar mahaifinsa, ya rasa. Da can yana da ita, ko kaɗan ce, irin wadda yaro ke riƙewa. Amma ya yi shekaru yana ɗora ta a kan wancan farin hayaƙi, har ta narke a ciki. Yanzu in ya ce "Baba" a ransa, gungume ne ke zuwa da hula a kai. Ya ji maraicin da bai ji irinsa ba tun ranar da aka fita da gawar.

"Abba, ka yi haƙuri," in ji Hanifa, idonta ya kawo ruwa. "Ni na jawo. Bari in cire, halas, mu mayar da kaset ɗin."

"Kaset ɗin me? Sake shi ya wuce, na gaji da ganinsa."

Ta danna, hoto ya motsa. Motar direba ta ci gaba, na'urar masu fim ta ɗan sunkuya tana bin tayar. A tsohon kaset cikin shagon baƙi ne ƙirin, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da shi. Yanzu duhun ya buɗe kaɗan. A ƙarƙashin gefen rigar da ke rataye, can ciki, ana ganin ƙafafun keken ɗinki na ƙarfe, da fedarsa, da ƙafar mutum a kai tana sama tana ƙasa. Daga ƙauri zuwa sama ƙofa ta tare. Sai hoton ya wuce kan mai rake.

"Mayar," in ji Salmanu.

Ta mayar. Ƙafar ta sake fitowa, ba takalmi, dunduniya duk faso, babban yatsa ya karkace ya hau kan na kusa da shi, farcensa baƙi. Salmanu ya zame daga kujera ya sauko ƙasa, babbar riga na jan kafet, ya matsa har gindin talabijin. A ƙarƙashin keken nan ya yi rarrafe. A nan yake zama yana tsince ƙyallaye, yana kallon yatsan nan na hawa da sauka har barci ya kwashe shi, kuma in ya kai hannu kusa da bel ɗin keken, wannan ƙafar ce ke ture shi a hankali ba tare da keken ya tsaya ba. Kasuwa duk ta fito kallon masu fim, Malam Hussaini ko leƙowa bai yi ba, yana da ɗinkin mutane a gabansa.

"Shi ne?" Yagana ta tambaya, wannan karon ba tsokana.

Bai nemi biro ba. Hawaye na bin gemunsa yana shiga aikin wuyan rigar. Rayyan ya sauko ya zauna kusa da shi a ƙasa. Hanifa ta sake mayarwa, ta ɗaga rimot za ta tsayar masa da hoton daidai wurin, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Kar ki tsayar da shi," ya ce. "Aiki yake yi."