Ranar da matan zumunta suka zagaye ni

Shekarun baya, ina zaune gida a Kafanchan bayan na gama sakandare, na ƙwallafa rai sai na samu gurbin karatun likita a Kuba. Sharaɗinsu shi ne su kira ka ta bidiyo, ka ba da labarin abin da ka yi jiya da Sifaniyanci. Ban gaya wa mahaifiyata ba, don na san halinta, kafin Lahadi duk coci sun ji. Abokina kaɗai ya sani.

Kullum ina bayan gida inda muke shanya citta, ido a rufe, ina kai da komo: hablé, hablaste, habló. Wato na yi magana, ka yi magana, ya yi magana. Na nanata abin nan har akuyarmu ta kusa haddacewa.

Ranar ganawar na ci farar riga, na jingina waya jikin buhu. Matar da za ta gwada ni ta gaishe ni ke nan, sai na ji kiɗan tulu. Kafin in waiga, matan zumuntar cocinmu sun zagaye ni, kowacce da ankonta. Mahaifiyata ta dafa kaina da man zaitun, tana gaya musu wai wani abu ya taɓa ɗanta, ya daɗe yana surutai shi kaɗai. Ina ihu jarrabawa nake yi, su kuwa sai ƙara ɗaga murya suke da addu'a, wai mugun ruhun ne ke gardama. Wata ta kife wayar. Shi ke nan, ba a sake kirana ba.

Na daɗe ina fushi, daga baya na mai da shi abin dariya, tunda a ganina rashin sani ne. Na yi karatun jinya a nan kusa.

Bara muna ɓarar gyaɗa ni da mahaifiyata, na sake tayar da labarin ina ƙyaƙyatawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ai abokina ya gaya mata komai tun kafin ranar.

Na ce, "Mama, kin sani?"

"Na sani. Yayanka Legas kawai ya tafi, ka ga ya dawo? Kai kuma ƙetaren teku. Wa zai binne ni?"

Ta ci gaba da ɓararta.

Har yau abin na ba ni tsoro, yadda mai ƙaunarka zai iya tare maka hanya da addu'a a bakinsa. Ban san ko na yafe ba. Amma ni nake auna mata hawan jini kowace safiya.