Yatsa Nawa Yau?

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wanda ya tashi a wajenmu ba sai an yi masa bayani ba: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi. Inna kuwa nata ya fi na kowa, don kakarta Bafulatana ce, ita ta rene ta, ta ɗura mata fulako har iya wuya. Abin bai taɓa damuna ba. Na ga haka ake yi a gidan kowa, kuma ba a taɓa hana ni tuwo saboda shi ba. Sai da na haura shekara arba'in, ina malamin firamare a Gummi, da mata da 'ya'ya, sannan na san wannan kunya tana da nauyi.

Ciwon daji ne ya kama ta a mama. Ta ɓoye shi Allah kaɗai ya san wata nawa, sai da matata ta ga alama a jikin zanenta wajen wanki. Kafin mu isa babban asibiti a Sakkwato abin ya riga ya yi nisa. Likita ya ja ni gefe ya ce batun warkewa sai ikon Allah, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata. Ƙannena mata suna ɗakunan aurensu, ɗaya a Anka, ɗaya a Bukkuyum, don haka Inna ta dawo gidana. Aka ba ni kwalbar maganin ruwa mai kashe zafi, aka nuna mini ma'auni da lokutan sha, aka ce duk ranar da zafin ya tsananta akwai ƙarin da zan iya ba ta.

To ta yaya zan san ya tsananta? Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in durƙusa a bakin ƙofarta.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Fuskarta tana kallon bango, gumi yana tsattsafo mata a goshi, yatsunta sun damƙe bakin tabarma har karan yana karyewa, amma da sauƙi. Matata ma ba ta fi ni sa'a ba, ita suruka ce, da tata kunyar. Sai in tsaya da kwalba a hannu ina canke. In ƙara mata ne, ko in bari? Wata rana in ƙara, ta yini tana barci ta rasa azahar da la'asar, ta tashi ranta a ɓace. Wata rana in bari, sai da yamma matata ta ce ta ji ta tana nishi tun hantsi.

A zuwanmu asibiti na uku ne muka haɗu da matar da nake son ba da labarinta. Nas ce, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba, siririya mai tabarau, da Hausarta irin ta rediyo. Ta ce suna wani bincike a kan masu irin ciwon Inna da ke zaune nesa da asibiti. Suna so su gani ko kiran waya sau ɗaya a mako, a tambayi mutum zafin jikinsa da barcinsa da cin abincinsa da abin da ke damun ransa, zai rage masa wani abu. Ba allura, ba sabon magani, magana kawai. A raina na ce wannan kam ta zo inda za ta sha wahala. Matar da na shekara arba'in ban samu jimla uku a jere daga bakinta ba, ita ce za ki tatsa ta waya? Har tausayinta na ji.

Ta nemi in ba su wuri. Na fita baranda na zauna a benci, ina jiran a kira ni bayan minti biyu. Sai da na kusa yin gyangyaɗi. Da na koma, na tarar Inna ta dangwala yatsa a takarda, tana goge tawadar da gefen mayafi, bakinta ɗauke da wani murmushi da ban san ta da shi ba.

Inna ba ta da waya, don haka lambata aka rubuta. Kowace Laraba bayan la'asar wayata za ta yi ƙara, in gaisa da nas, in kai wa Inna, in fita. Fitar tana cikin sharaɗi. Ni da gidana, ni da wayata, ni da na yi cajinta a shagon bakin hanya, ni ne kuma za a kora zaure.

Larabar farko ban yi nisa ba, na tsaya wajen turken awaki kamar ina gyara igiya.

"Ɗiyata!" na ji Inna ta ce. "Lahiya lau. Ina gajiyad da munka ba ki?"

Ɗiyata. Na saki igiyar. Can kuma sai na ji dariya, dariya sosai har da tari. Sun fi rabin awa. Da na karɓi wayar tana da ɗumi, na tsaya ina kallonta kamar ita ta yi mini laifi.

A hankali na gane dabarar da ta koya mata. Tunda Inna ba ta san lamba a rubuce ba, sai ta ce ta ɗauki ciwon a matsayin yatsun hannu goma. In babu komai, hannu a dunƙule. In ya kai inda ba ya da gaba, goma cif. Kowace Laraba da wannan take buɗewa: yatsa nawa yau? Inna kuwa ta amsa ba ko jinkiri, ta ce huɗu, ko ta ce shida. Bayan sun gama sai nas ta sake kira ta ce, "Malam, Inna ta yarda in gaya maka, kwanan nan da rana ya fi damunta. Na yi magana da likita, ya ce a ba ta ƙarin nan da hantsi." In ba ta, in ga ta tashi zaune tana tsintar wake. Gaskiya ɗaya ce, Inna ta samu sauƙi na hakika, ba na baki ba. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma a ƙarƙashin murnar wani abu yana cina.

Ni ke ɗaukarta cak in sa a mota. Ni ke faɗa da direba a kan ya bi ramuka a hankali. Ni ke bin layin kati, ni ke yawon kantin magani cikin rana. Ita kuwa tana zaune ƙarƙashin fanka a Sakkwato, ta danna waya, a ce mata ɗiyata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun Talata Inna za ta sa a wanke mata ɗankwalinta mai ruwan goro, Laraba ta ɗaura shi tsaf, ta sa tozali, don matar da ba za ta ma gan ta ba. Da muka tashi komawa asibiti sai ta sa aka nemo man shanu wajen Fulanin da ke kawo mana nono, aka cika kwalba, wai tsarabar Likita, don haka take kiran nas ɗin. Ni na riƙe kwalbar a cinya har Sakkwato, ina lura kada ta zube.

Na ce bari in gwada da kaina, ai ni ma malami ne, tambaya sana'ata ce. Wata safiya na durƙusa, na ware yatsuna goma a gabanta kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya lissafi.

"Inna, yatsa nawa yau?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Da sauƙi."

Matata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai. Da na fito ta ce, "Wai Malam, kishin waya kaka yi?" Na ce mata ta ji da tankaɗenta. Ta ci gaba da tankaɗe, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Sai na koma wajen nas ɗin. Na gyara murya, na ce a matsayina na mai jinya ya kamata in san duk abin da suke tattaunawa. Rabin awa ai ba yatsu kaɗai ake ƙirgawa ba.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Abin da Inna ta gaya mini amana ce. Sai wanda ta ce in gaya maka."

"Uwata ce fa."

"Na sani. Shi ya sa."

Ban gane me take nufi da shi ya sa ba, kuma ban so in gane ba. Na kashe wayar ina cewa 'yar wannan yarinya ce za ta koya mini uwata.

Larabar da ta biyo baya na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Wayar ta yi ƙara ina zaure, na duba, na mayar da ita aljihu. Ta sake yi, ta sake yi. Sau huɗu. Na aika wa Inna cewa yau babu sabis. Ina hango ta ta labule, zaune a bakin gado da ɗankwalinta da tozalinta, hannuwanta a kan cinya, har aka kira magariba. Sannan ta kwance ɗankwalin a hankali, ta ninke, ta sa ƙarƙashin matashi. Wannan makon gaba ɗaya na koma canke da kwalba, kuma ba ni na sha wuyarsa ba. Washegari da sassafe na so in kira nas in ce a yi ramuwa, girman kai ya hana ni. Da Laraba ta zagayo, tun kafin la'asar wayar tana hannuna.

Na riƙa lallashin kaina da cewa baƙo raɓa ne. Kuma haka aka yi. Bayan 'yan watanni binciken ya ƙare. Nas ta sanar da mu tun da wuri, ta ba ni lambar da zan nema a asibiti in wani abu ya taso, ta ce ita an mayar da ita wani sashe. Kiran ƙarshe sun daɗe, ba dariya a cikinsa. Na samu abin da nake so, kuma a daidai lokacin ne jikin Inna ya fara tsananta. Ta daina cin tuwo sai kunu. Da sauƙin ma da ƙyar take fitowa. Na kira lambar da aka ba ni, wani namiji ya ɗauka, ya tambaye ni zafin ya kai yaya. Na ce ban sani ba.

Laraba ta zo. Na dawo daga masallacin la'asar, na leƙa, sai na gan ta zaune an jingina ta da matashi, ɗankwali a ɗaure. Na zaci mantuwa ta fara kama ta. Na durƙusa na ce, "Inna, aikin Likita ya ƙare. Ba ta kira yau."

Ba ta dube ni ba, ta miƙo hannu kawai. Na rasa yadda zan yi, na ciro wayar na sa mata a tafi. Fuskar wayar baƙa ƙirin, ba wanda ke kan layi, kuma Inna ta san bambancin, wata nawa tana riƙe ta. Ta kara a kunne. Na miƙe zan fita kamar yadda na saba.

"Likita," ta ce, "ki ce ma wanga shi zamna. Rana na da zahi waje."

Na zauna a nan bakin ƙofa, a ƙasa, bayana jingine da bango.

Ta kasa kunne kamar mai sauraron tambaya. "Yau tara na, ɗiyata. Tun shekaranjiya tara na. Nan ƙarƙashin hammata shika tasowa, shi bi baya awa an aza garwashi. Ba ni barci. In na kwanta ta dama ya hi sauƙi kaɗan." Ta numfasa. "Ban hwaɗa mai ba. In na hwaɗi ba shi iya cin tuwo, ga shi duk ya rame, wuyan rigatai ya yi mai yawa. Hanyag ga ta Sakkwato ta gama da shi. Ni ba ni son a sake kai ni, a bar ni nan ɗakina."

Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa tana jan ƙwayar gero. Ashe tana kallona. Duk wannan lokacin da fuskarta take bango, ta san har faɗin wuyan rigata.

Ni ma ban dube ta ba. Na fuskanci ƙyauren ƙofa na ce, "Likita ta ce a ba ki ƙarin magani yanzu. Ta ce kuma ba a sake kai ki ko'ina sai kin so."

"To," in ji Inna. "In ita tac ce."

Na auna maganin, ta sha, ta miƙo mini wayar ta gefe. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta, a kwance ta dama.

Daga ranar ba mu ƙara jiran Laraba ba. Kullum in na dawo daga makaranta sai in ajiye mata wayar a kan tabarma in zauna a bakin ƙofa. Wata rana yatsu kawai za ta faɗa. Wata rana ta gaya wa Likita wanda take so a ba tumakinta, da inda ta ajiye likkafanin da ta tanada. Sau ɗaya ta gaya mata cewa ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba, kuma ba wanda ya sani. Ta rasu farkon damina, da hantsi, ƙannena duka suna kusa.

Ban sake ganin nas ɗin ba, ban kuma san abin da bincikensu ya gano ba. Ina yi mata addu'a, Allah ya sani. Amma kishin bai tafi ba, ba kuma zan yi ƙarya in ce ya tafi ba. Duk abin da Inna ta taɓa gaya mini a duniya, ba ni ta gaya wa ba, nas ɗin ta gaya wa.