Duwatsun Kaka

Shekaranjiya ruwa ya cinye gonarmu ta gangaren dutse. Ina cikinta ina noma ya gangaro, ja wur, yana ruri kamar kamyo, babbar motar kaya. Kalgo na rungume har ya wuce. Har yanzu ko hadari na hango sai in gudo gida.

A cikin lakar nan ke na tuna, Kaka. Ke da matan garinmu kuka jera duwatsun da ke tare ruwan, da ka kuka ɗauko su, tun garin bai wuce 'yan gidaje ba. Ranar da na raka ki gyaran jeri, rana ta gasa duwatsun, ina ta mita. Kika miƙo mini gorar fura mai ƙanshin hayaƙi, kika ce, "Ke 'yar lakwal, 'yar boko, ruwa baƙo ne. In ba ki ba shi wurin zama ba, da gonar zai tahi."

Bayan rasuwarki Kawu ya saida duwatsun ga masu gini. Bana ba mu da hatsin zubawa a rumbu.

Yau na ɗauko dutse na farko don sake jerin. Ashe haka yake da nauyi, Kaka. Allah ya sanyaya makwancinki, ya ba wuyana ƙarfin naki.